Ramin Taki a Gindin Mangwaro

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin wata Alhamis a Madakiya, ko da zan kai tsufan da mutum ke ruɗa sunayen jikokinsa. Har yau in na shiga coci na ga matan zumunta, ƙungiyar matan cocinmu, sun haɗa kai suna ƙus-ƙus, sai in tsargu. (Matata ta ce in daina ji da kaina, mutane suna da abin yi. Ni dai na san abin da na sani.)

Bari in ɗauko muku daga tushe. Na yi aikin gwamnati a Kaduna har na yi ritaya, irin aikin nan na a zauna a kujera, a sa hannu a takarda, a aika a sayo tuwo. Tumbi ya fito, wuya ya ɓace. Wata safiya na sunkuya ina ɗaure igiyar takalmi, sai na ji kamar an ɗora mini buhun siminti a ƙirji. Zufa ta karyo mini, hannun hagu ya yi nauyi. Abin da na iya tunawa bayan wannan shi ne fitilun asibiti da fuskar matata, Maman Rahila, tana kiran ainihin sunana, wanda rabon da in ji shi a bakinta tun muna saurayi da budurwa. Likita ya ce ciwon zuciya ne, wata jijiya ce ta toshe, sun zura wani ɗan abu sun buɗe ta. Ya ce na yi sa'a. Maman Rahila ta ce ba sa'a ba ce, Allah ne, ya gyara bakinsa.

Da aka sallame ni, 'yarmu Rahila, wadda take aikin nas a Abuja, ta kwashe mu zuwa gidanta. Gida ne mai kyau, a saman bene, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma jama'a, na sha wuya! Abinci ba gishiri, ba mai, ba nama. In na yi tari, mutum biyu su taso. In na daɗe a banɗaki, a ƙwanƙwasa a ce, “Baba, kana lafiya?” Daga kujera sai gado, daga gado sai taga, ina kallon motocin mutane suna zuwa inda suka ga dama. Na tsira daga mutuwa, amma wallahi ban ji ina raye ba.

To, akwai wani gini da na fara a filin mahaifina a Madakiya tun ina aiki, ya kai linta ya tsaya, awakin unguwa suka mai da shi masauki. Sai na kafe a kan cewa ni gida zan koma in ƙarasa shi. Aka yi ta fama da ni. Da muka koma ganin likita na kai ƙara wurinsa, shi kuwa ya goya mini baya. Ya ce iskar ƙauye za ta yi mini kyau, in riƙa tafiya a ƙasa, in riƙa ɗan aiki, ina ƙarawa a hankali, in na ji ƙirji in tsaya. A duk wannan bayanin, “a hankali” kaɗai matan gidana suka ji. A ranar ma sai da likitan ya ce wa Maman Rahila ta ɗan ba mu wuri, ya yi mini wasu tambayoyi na tsakanin maza, waɗanda ba sai na faɗa muku ba.

Rahila ta yarda, amma da sharaɗi. Ta tsaya a gabana, hannu a ƙugu, ta ce, “Baba, ka ji ni da kyau. Ranar da Mama ta kira ni ta ce ta gan ka da diga ko shebur, ranar zan zo da mota in ɗauke ka. Kuma in ka hau benen nan, ka hau ke nan.”

Na ce na ji. (Yarinyar da na goya a wuya ina kai ta kallon jirgin ƙasa a Kafanchan, yau ita ke kafa mini doka. Haka duniya take.)

Muka dawo gida. Aka ci gaba da gini, ni kuwa aikina zama a farar kujerar roba a ƙarƙashin lema, ina nuni da sanda. In na miƙa hannu zan ɗaga bulo ɗaya, sai magina su yi caa, “Baba, ajiye! Mama ya ce kar ka taɓa komai!” Haka aka buga kwano, aka yi filasta, aka sa ƙofofi, ban ɗauki ko cokalin siminti ba. Muka tare kafin fenti ya gama bushewa. Ranar da na fara kwana a ɗakina, na buɗe taga da safe na hango duwatsun Kagoro, sai da na yi ƙwalla.

Tafiyar safe kuwa na riƙe ta da gaske. Da farko daga gida zuwa coci sai na zauna a kan kwalbati na huta, 'yan acaɓa suna tsayawa suna cewa, “Baba, a kai ka?” Ina korarsu. Sannu sannu na wuce coci, na wuce makaranta, har na fara kai wa inda ake jin ƙarar ruwan Matsirga mai zubowa daga kan dutse in dawo ba tare da na zauna ba. Wando ya fara yi mini yawa. Sai aka ba ni izinin yin lambu a gefen gida, da ƙaramar fartanya irin ta yara da bokitin ban ruwa rabi. Na shuka alayyafo, yakuwa, ugu, tumatir da attaruhu. Amma ƙasar wurin magina sun kashe ta da yashi da ɓaraguzan siminti. Alayyafon ya fito ja-ja, siriri, abin tausayi. Mama Kande, maƙwabciyarmu kuma shugabar matan zumunta, ta leƙo ta kan shinge ta ce, “Baban Rahila, wannan ganye naka ma yana shan magani ne?”

Abin ya ƙona mini rai. Na ji a wani shirin noma a rediyo ana bayanin ramin taki: a haƙa rami, a riƙa zuba kashin awaki da na kaji da busasshen ganye da toka, a yayyafa ruwa, a rufe, kafin damina ya zama baƙar ƙasa. Na ce wannan shi ne maganin Mama Kande.

Za ku ce me ya hana ni sa samari su haƙa mini? Ai da kafin rana ta take sun gama. Gaskiyar magana, ba takin ne kaɗai ya dame ni ba. Na gaji da zama mutumin da ake ɗauke wa kofi daga hannu. Gida ya tashi a filin ubana, babu ko bulo ɗaya da zan nuna in ce ni na ɗora. Ina so in san ko akwai sauran ƙarfi a jikin nan, ko kuwa shi ke nan an gama da ni. Kuma ba wanda zai iya ba ni amsar nan sai diga.

Sai na nemi wurin da ba a hangowa daga kicin. Can bayan kurmin ayaba akwai wani tsohon mangwaro mai inuwa, nan ne kaburburan iyayena, Baba da Mama, suke, an shafe su da siminti kamar yadda muke yi a nan, don mu ba ma kai namu nesa, a gida muke ajiye su. Tsakanin kabarin Baba da gindin mangwaron akwai ɗan fili. Inuwa ga ta, sirri ga shi. Murfi kuma, akwai fallen kwano guda da ya rage daga rufin gida. Don ramin ya yi daidai da murfinsa, sai na shimfiɗa kwanon a ƙasa, na zana gefensa da tsinke, na ɗan rage. Wanda ya san tsawon fallen kwano da faɗinsa ya riga ya gane inda labarin nan ya dosa. Ni da na yi shekara talatin da wani abu a birni, ko a jikina.

Ina haƙa ne ranar Alhamis da yamma in Maman Rahila ta ɗaura zanen zumunta ta tafi coci, da ranar da ta shiga kasuwar Kafanchan. Digar da shebur na magina ne da suka bari, na ɓoye su a cikin ayaba. Ba hauka nake yi ba, kada ku ɗauka. In na sara kaɗan sai in zauna, in dafa wuyan hannu, in saurari ƙirjina. Shiru. In tashi in ƙara. Ranar da na fasa marmara, jar ƙasar nan mai taurin kai, na ga tana tsagewa a ƙarƙashin digata, na yi dariya ni kaɗai kamar wani taɓaɓɓe. Rami ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Don kada ruwan sama ya zubar da gefensa, sai na kwaso ragowar bulo ɗaya bayan ɗaya na jera a bakinsa, tsaf, kusurwa huɗu. Na ja da baya na dube shi, na ce kai, ko magini sai haka.

A cikin makonnin nan ne na lura mutane sun canza mini. Maman Rahila, wadda ke auna mini gishiri da ƙwayar ido, sai ga ta da farfesun akuya, ta ajiye a gabana ta ce, “Ci abinka, Baban Rahila. Duk abin da ranka ke so ka faɗa mini.” Ta zauna tana kallona ina ci, idonta ja. Na tambaya, ta ce hayaƙi ne. (Da gas muke girki. Ban ma yi wannan tunanin ba sai daga baya.) Mama Kande ta aiko da faten acca, ta daina zagin alayyafona. Bulus, ɗan ƙanin babana, wanda muka yi shekaru muna jayayya a kan iyakar gona, ya zo da sassafe ya cire hula, ya ce ya mayar da dutsen iyaka inda yake tun zamanin kakanni, in yafe masa. Na ce na yafe, ya rungume ni har da shessheƙa. Ranar Lahadi Fasto ya yi wa'azi a kan shirya gida kafin tafiya, yana yi yana dubana, ni kuma ina gyaɗa kai da ƙarfi, don a zatona ginina yake yabo.

Na ce a raina, ka ga abin da lafiya ke jawowa. Mutum ya rage tumbi, sai daraja ta ƙaru.

Ranar Alhamis ɗin da nake ba ku labari, ana zafin nan na gab da saukar ruwa. Maman Rahila ta fita, ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallona, sannan ta tafi. Ko minti biyar ban ƙara ba na tuɓe riga, daga ni sai singileti da wani tsohon gajeren wando da ya yage ta baya, na dira cikin rami don in share ƙasansa, aikin ƙarshe ke nan. Ina cikin kwasar ƙasa sai na jiyo waƙa daga nesa, da bugun tulu da caki. Waƙar a hankali take, irin wadda ake yi a gidan makoki. Na ce, “Allah sarki, wa ya rasu kuma?” Na ci gaba da aikina. Waƙa ta matso. Ta shigo layinmu. Ta shigo ƙofar gidana.

Na leƙa ta tsakanin ganyen ayaba. Matan zumunta ne reras, cikin zanensu iri ɗaya, Fasto a gaba da Littafi a hammata, Mama Kande tana riƙe da kafaɗar matata. Kuma ba falo suka nufa ba, nan suka yo.

Abu ɗaya ne ya faɗo mini a rai: benen Abuja. Ga ni da shebur a hannu, ga diga a gefe, ga shaidu sun fi talatin. In na fito na gudu, za a gan ni. Sai na yi abin da ya zo mini, wanda har yau in na tuna nakan rufe fuska. Na jawo diga da shebur cikin ramin, na ja fallen kwano na rufe bakinsa, na kwanta a ƙasa, na miƙe sambal. Hannuwa ma, saboda ƙuncin wuri, a kan ƙirji na ɗora su. Na ce in sun gama abin da ya kawo su, wataƙila addu'a ce a kabarin su Baba, sai su tafi.

Na ji takunsu sun zagaye ni. Waƙa ta tsaya. Fasto ya gyara murya.

“'Yan'uwa cikin Ubangiji,” in ji shi, “ga abin da idonmu ya gani. Dattijonmu, Baban Rahila, ya haƙa wa kansa wurin kwanciya da hannunsa, kusa da mahaifinsa. Har bulo ya jera. Bai gaya wa matarsa ba, bai gaya wa ikilisiya ba. Ya ɗauki wannan kaya shi kaɗai.”

Mata suka ce, “Wayyo!” Wata ta fashe da kuka.

Ni kuwa a ƙasa, sai a lokacin na dubi ramina da idon mutanen garinmu. Tsawon mutum. Faɗin mutum. Bulo a baki. Kusa da Baba. Ga ni kuma a ciki, a miƙe, hannu a ƙirji. Na ce, “Yesu, na kashe kaina!” A zuci dai, ba a fili ba.

Mama Kande ta karɓa. “Ni ne na fara gani,” in ji ta. “Akuyana ya tsinke, na bi shi, na ga Baba a ciki yana auna da hannu. Na je na gaya wa matansa, na ce ki yi ƙarfi, mijinki ya san lokacinsa.”

Sai na ji muryar Maman Rahila, ƙasa-ƙasa. Ta ce, “Ranar da muka je asibiti na ƙarshe, likita ya ce in fita in ba su wuri. Tun ranar na san akwai abin da aka gaya masa. Yana ta dariya, yana cin abinci, yana cewa ya warke, don kada hankalina ya tashi. Ni ma sai na yi kamar ban sani ba, don kada nasa ya tashi. Amma na gaji, Baba Fasto. Ba na barci. In ya yi shiru da dare sai in sa hannu a hancinsa. Ku roƙa mini Allah ya bar mini shi, ko shekara ɗaya ce.”

Jama'a, ban taɓa jin na tsani kaina kamar lokacin ba. Makonnin da na fi kowane lokaci farin ciki tun da na kwanta ciwo, ashe matar nan makokina take yi a tsaye. Hawaye ya gangaro mini ta gefen ido ya shiga kunne. Na so in tashi, amma ta ina zan fara? Mutum ya ɗaga kwano ya ce salama alaikum?

Fasto ya ce a kira ni in fito daga ɗaki, a yi addu'ar da ni. Wata ta ruga ta dawo ta ce ba na ciki, ga rigata a kan kujera. Maman Rahila ta ce, “Bari in kira wayarsa.”

Wayar tana aljihun gajeren wandona. Kuma saboda kunnena ya fara nauyi, Rahila ta ƙure mata ƙara.

Ban san yadda zan kwatanta muku ƙarar waya a cikin rami a ƙarƙashin kwano ba. Wurin ya yi tsit, sai ita kaɗai. Na kai hannu da sauri zan kashe, gwiwata ta ture shebur, ya bugi kwano, ƙwaram!

“Jinin Yesu!”

Abin da ya biyo baya sai dai a ba ku labari. Tulu ya faɗi ya fashe. Mata suka watse cikin lambu, ta kan tumatir, ta kan attaruhu. Na ture kwanon na miƙe tsaye, jar ƙasa tun daga gashin kai har gira, na ga ɗankwali a ƙasa, takalma warwatse, Mama Kande ta rungume ayaba tana kiran sunan mijinta da ya rasu tun tuni. Fasto, bawan Allah, bai gudu da nisa ba, amma na same shi a bayan kabarin Mama, ya ɗaga Littafi sama da hannu biyu. Mutum ɗaya ce ba ta motsa ba. Maman Rahila tana tsaye a bakin ramin, waya a kunne, tana kallona.

Mutane kan ce sun ji kunya kamar ƙasa ta tsage su shige. Ni ina cikin ƙasar ma, ba ta yi mini maganin komai ba. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, “Na taki ne.”

“Na me?” in ji Fasto daga inda yake.

“Taki, Baba Fasto. Kashin awaki. Don alayyafo.”

Mama Kande ta saki ayaba ta matso a hankali, tana leƙe. “Baban Rahila, ka mutu ne ko ba ka mutu ba? Gaya mana gaskiya.”

Na ce ban mutu ba, kuma likita bai ce zan mutu ba, Maman Rahila nake ɓoye wa don kada a mayar da ni Abuja. Wata daga baya ta fara ƙyalƙyala dariya, ta kama wata, kafin ka ce me, matan da suka zo kuka suna riƙe ciki suna faɗuwa a kan juna. Fasto ya zo ya miƙo mini hannu zai jawo ni. Na ce ya bari. Na dafa bulo da hannu biyu, na yunƙura, na fito da kaina tsaf, ko haki ban yi ba. Na so wannan fitowar ta zama abin alfahari, sai dai na manta da yagewar wandon, kuma rabin zumunta a bayana suke.

Matata ba ta yi dariya ba. Ta dubi ramin, ta dubi tulin jar ƙasar da ke gefe, ta dube ni.

“Wa ya taya ka?”

“Ba kowa.”

“Marmarar nan, kai ka fasa ta?”

“Ni ne.”

“Bulon fa?”

“Ni na kwaso. Ɗaya-ɗaya.”

“Ƙirjin bai yi maka ciwo ba? Kada ka yi mini ƙarya a gaban Fasto.”

“Ko sau ɗaya.”

Ta matso ta ɗora tafin hannunta a ƙirjina, kan singiletin nan mai datti, tana saurare. Sannan ta ɗaga hannun ta ɗirka mini duka a kafaɗa, irin wanda ban sha ba tun ina firamare, ta fashe da kuka, ta riƙe ni. Mama Kande ta ɗaga murya ta ce, “To, tun da mun zo, ba za mu koma da addu'a a baki ba. A juya shi ya zama na godiya!” Aka tayar da waƙa mai zafi, ba tulu, sai tafi da caki. Suka sa ni a tsakiya, ina riƙe da wando ta baya da hannu ɗaya, aka yi rawa a kan abin da ya rage na tumatirina.

Saura Rahila. Ashe uwarta ta riga ta gaya mata batun “kabarin” tun makon da ya wuce, har ta ɗauki hutu za ta zo. Ta iso ranar Asabar, ta je ta tsaya a bakin ramin, tana auna shi da ido. Ni ina gefe kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa. Ta ce, “Baba, ka tuna sharaɗinmu?” Kafin in yi magana uwarta ta ce, “Ni ce zan kira ki in ce na gan shi da diga. Ban gan shi da diga ba, a kwance na same shi. Babanki ba ya zuwa ko'ina.”

Duk da haka sai da Rahila ta kai ni wurin likita. Aka manna mini wayoyi a ƙirji, aka ɗora ni a kan injin nan da mutum ke tafiya ba ya zuwa ko'ina, aka yi ta ƙara masa gudu. Likita ya duba sakamako, ya ce zuciyar ta yi ƙarfi fiye da yadda ya zata. Da aka ba shi labarin ramin sai da ya cire tabarau ya share ido. Amma ya yi mini faɗa sosai, ya ce da wani abu ya same ni a ciki ba wanda ya sani fa? Ya ce in yi aikina, in sha maganina, amma kada in sake yin aiki mai nauyi ba kowa a kusa. Na karɓi faɗan hannu biyu. Na fito daga asibitin nan ina jin kamar in taka da ƙafa har Madakiya.

Takin ya yi kyau, in kuna son sani. Da damina alayyafona ya yi ganye kamar tafin hannu, har na sa citta layi uku. Mama Kande da kanta take zuwa tsinka, tana cewa a ba ta “ganyen kabari”. Bulus kuwa ya zo ya ce a sake duba maganar dutsen iyaka, tun da yafiyar ta mai tafiya ce, na ce masa abin da aka yi a gaban Allah ya yiwu. Yanzu in zan ɗauki diga, Maman Rahila takan jawo farar kujerar roba ta zauna a inuwa tana gyaran wake, tana ba ni umarni.

A irin wannan zaman ne wata rana na ce mata ta yafe mini wahalar da na ba ta. Ta ci gaba da gyaran wakenta, ba ta ɗago ba. Ta ce, “Ka san abin da ya fi ci mini rai? Ranar da Kande ta nuna mini, na koma ni kaɗai na auna wurin da ƙafa. Baba a hagunka, mangwaro a damanka. Duk shekarun nan da muka yi tare, ka zaɓi wurin kwanciya, ko inda za a sa ni ba ka bari ba.”

Na ajiye digar na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Na ɗebi waken na taya ta.

Don haka ga shawarata ga duk wanda ya dawo gida daga birni da tabon asibiti a jiki. In za ka haƙa rami a ƙasarmu, ka yi shi zagayayye kamar rijiya, ka yi shi a gaban gida inda kowa zai gani. Kuma kafin ka sara ƙasa, ka gaya wa matarka, don duk abin da ka ɓoye mata za ta gano shi, sannan ta yi masa fassarar da ta fi kowacce muni, ta zauna da ita ita kaɗai.